Ƙwayar da Na Zubar a Kwara

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai taɓa ja da baya ba a duk lokacin da na faɗi. Salama a gare ku, iyayena mata, 'yan'uwana na zumunta, da dattawan da ke zaune can baya.

Sunana Saratu, daga Lolo. Waɗanda ba su san sunan ba sun san ni da uwar Rifkatu. Waɗanda ba su san wannan ba kuma sun san ni da matar nan mai faɗuwa. Duka ukun ni ce. Na rubuto maganata a takarda ne domin na san halina, in na saki baki ba linzami sai an tashi taron nan ba a yi addu'ar rufewa ba.

Wannan ne karo na biyu da na tsaya a nan ba da shaida. Ta farko shekara bakwai ke nan, kuma ƙarya ce. Kun tafa mini, kun yi guɗa, wasu har da hawaye. Yau na zo in karɓe waccan in ba ku ta gaskiya, ko da ba za a tafa ba.

Da can burkutu nake dafawa, ba na ɓoyewa. Mijina Dauda ya rasu ya bar ni da yarinya ɗaya, cikin biyar da na haifa ita kaɗai ta tsaya. Tukwane shida gare ni a bayan gida. Direbobin da ke tsallaka iyaka da 'yan kasuwar Lolo duk sun san ƙofata. Na sha, na shayar, na yi dambe da mazan mutane, har na taɓa fasa wa wani ƙwarya a ka. Ran Lahadi kuma in ɗaura ɗankwali in zo in zauna sahun gaba.

Shekarar da aka kafa shari'a aka aiko mana cewa mu daina ko mu bar gari. Abokan sana'ata suka kwashe tukwane suka haye ƙasar Benin, tafiyar da ba ta fi ta zuwa gona ba. Ni ma na ɗaure kaya. Rifkatu ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, in kin haye, ni ba ni zuwa." Saboda haka kada wani ya ce wa'azi ne ya raba ni da giya. Tsoron hukuma ne da kunyar 'yata. Tuban ya zo daga baya, a hankali, na kuma gode wa Allah da ya karɓe shi a haka.

Na koma dama kunu da suyar ƙosai a bakin tasha. Na aurar da Rifkatu ga Ishaya, ɗan ikilisiyar nan ta Bagudo, ma'aikacin sakatariya. Tun ranar da aka kai ta abu ɗaya nake jira. Kun san al'adarmu, haihuwar fari gidan uwa ake yin ta. In ciki ya tsufa a kawo yarinya gida, ta haihu a gaban uwarta, uwar ta hura wuta safe da yamma ta yi mata wankan jego kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta koya mata riƙon jinjiri. Tawa uwar ta yi mini. Ni 'ya ɗaya gare ni, haihuwar fari kuma ba a yin ta sau biyu. Ban roƙi Allah gida ba, ban roƙe shi shanu ba. Kwana arba'in ɗin nan na roƙa.

Ciwon ya fara ne watanni kaɗan bayan biki. Ina cin tuwo da miyar kifi sai na ji an soke ni a maƙogwaro, can ciki ta gefen hagu, abin ya harba har cikin kunne. Bai daɗe ba ya sake ni. Na ce ƙaya ce. Na haɗiyi lomar tuwo ba tauna, na bi da ruwa, sai ya sake soka. Washegari haka, jibi haka. Hamma ta tayar da shi, tari ya tayar da shi, ruwan randa mai sanyi kuwa ya fi kome tsokano shi.

Ina da maƙwabciya, Kulu, musulma ce, Basarkiya, sana'arta bandar kifi. Danga ɗaya ta raba mu shekara ashirin. Sarkawa masunta ne, kuma duk wanda ya tashi a bakin kogin Kwara ya san in ƙaya ta maƙale wa mutum wurinsu ake zuwa. Na je wurin mijinta, ban kuma shawarci fasto ba. Ya shafa wuyana, ya ba ni abin da ya ba ni, na sha kwana uku. A na huɗu ya girgiza kai.

"Saratu, wagga ba ƙaya ba ta. Da ƙaya ta, da ta hita tun shekaranjiya. Tahi asibiti."

Ban tafi ba sai da na faɗi.

Ranar Alhamis ce, muna koyon waƙa a zumuntar mata ta Lolo. Na ja murya sama, abin ya soke ni, na ji zuciyata ta lafa, duhu ya rufe ni. Da na buɗe ido ina kwance a ƙasa, yawu a kumatuna, mata sun yi da'ira can nesa, kowa ta ja bakin zani ta rufe hanci. An ce ƙafata ta yi ta shure-shure. Ba wadda ta taɓa ni. Da na lallaɓa na hau benci da kaina, ina kallo wata ta kawo toka mai zafi ta zuba inda yawuna ya ɗiga. Ban yi fushi ba a ranar. Ni ma haka aka koya mini, wai farfaɗiya a yawu take, wanda ya taɓa ya ɗauka.

Rifkatu da mijinta suka kai ni asibiti. Aka tura mu Birnin Kebbi, daga can aka tura mu Sakkwato. Aka liƙa mini wayoyi a kai, aka liƙa a ƙirji. Likitan wani siririn mutum ne mai furfura. Ya kwantar da ni, ya sa aka ba ni ruwan sanyi in haɗiya yana kallon na'ura. Da na farfaɗo ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

"Inna, ba farfaɗiya gare ki ba," ya ce. "Akwai wata jijiya da ke saukowa daga kai, ta bi wuya, ta ratsa maƙogwaro, ta kai har zuciya da ciki. Taki ce ta harzuƙa. In kin haɗiyi abu sai ta harba, shi ne sukar da kike ji. In harbin ya yi tsanani sai ta danne bugun zuciya, jini ya kasa isa kai, sai ki faɗi. Ba a ɗaukarsa a wurin kowa."

Na ce, "To maganin fa, likita?"

"A nan ne za ki yi haƙuri da bakin mutane. Ƙwayar da ke kwantar da wannan jijiya ita ce dai wadda muke ba masu farfaɗiya, domin aikinta ke nan, lallashin jijiyar da ke harbi ba dalili. Za mu fara da kaɗan. Kwanakin farko za ki ji jiri da barci. In kin ga ƙuraje a jiki ki dawo maza. Kuma ko kin ji garau, kada ki yanke shi da kanki."

Na fara sha. Mako guda ina tangaɗi kamar wadda ta koma tsohuwar sana'a. A mako na biyu na ɗauki moɗa na sha ruwan randa har ya ƙare, ban ji kome ba. Na zauna a gindin randar na yi kuka. Na koma waƙa, na koma cin kifi, har na yi ƙiba. Ya Allah! A lokacin nan ne ya kamata in zo in tsaya a gabanku, amma ban ga abin shaida a cikin ƙwaya ba.

Bayan wata uku, da wanda aka ba ni ya kusa ƙarewa, na kawo takardar nan Bagudo, shagon maganin wani dattijon ikilisiya. Ba zan kira sunansa ba. Dattawa nawa ke da kemis? Na zaɓe shi ne don na gida ne, na ce sirrina zai tsaya a cikin gida. Ya karanta takardar, ya dube ni ta saman tabarau, ya ajiye mini maganin a kan tebur maimakon ya miƙo mini a hannu.

"Uwar Rifkatu, ashe abin da anka hwaɗi gaskiya na."

"Likita ya ce jijiya ce, Baba."

"Likita shi hwaɗi abin da shika so. Shekara ashirin ina sai da maganin ga, na san masu shan shi."

Kafin in isa Lolo labari ya riga ni. Cikin wata guda kununa ya daina ƙarewa, ƙosai sai in dawo da shi gida in ba kaji. A zumunta aka ware mini kofi, aka ɗaura masa jan zare don kada ya gauraya da na mutane. Wasu suka ce alhakin mazan da na shayar ne ya kama ni. Duk na shanye, domin a kwanakin nan ne Rifkatu ta aiko mini cewa ta yi ɓatan wata.

Da cikin ya kai wata shida na shafe ɗaki, na nemi rabin ganga ta dafa ruwa, na tara gero da kanwa, na zo Bagudo in ji ranar da za a kawo mini ita. Uwar Ishaya tana nan, ga ta can zaune. Jiya na gaya mata zan faɗi wannan, ta ce in faɗa, na kuwa gode mata. A ranar ta shimfiɗa mini tabarma nesa da tata.

"Uwar Rifkatu, ba ƙin ki nika yi ba," ta ce. "Amma wankan jego wuta ta da tahwasasshen ruwa. In kin hwaɗi da jinjiri ga hannu hwa? In yawunki ya ɗiga ga bakinai hwa? Jikana na hwari na."

"Ni ma nawa na fari ne. Wata tara ke nan ban faɗi ba."

"To in kin warke, maganin mi kika sha har yanzu? Mai lahiya ba shi shan magani."

Aka kira dattijon nan mai shagon magani ya raba gardama. Ya zauna, ya gyara riga, ya ce in har Ubangiji ya warkar da ni, in tsaya gaban jama'a in shaida, in kuma rabu da ƙwayar. Ya ce bangaskiya da ƙwaya ba sa zama ɗaki ɗaya. In na yi haka, shi da kansa zai sa a kai mini 'yata. Mutumin da tuwon gidansa daga ƙwaya yake fitowa ne ya faɗi haka, ni kuwa ko murmushi ban yi ba.

Kada ku ce na manta da gargaɗin likita. Ban manta ba. Na ɗora shi a hannu ɗaya, na ɗora 'yata a ɗayan, na zaɓi 'yata.

Lahadin da ta biyo na tsaya daidai wurin nan. Na ce Yesu ya taɓa ni. Na ce na ji wuta ta ratsa wuyana. Na ce mako uku rabona da magani. Ƙarya! Da safen nan na haɗiyi ɗaya a bayan majami'a, don kada in faɗi ina tsakiyar shaida. Kuka tashi da waƙa. Uwar Ishaya ta rungume ni. Da na koma Lolo na gangara bakin Kwara na juye sauran a ruwa, don kada Rifkatu ta zo ta gan su a ɗaki. Ina juyewa ina cewa, Ubangiji, na riga na faɗa da sunanka, yanzu sai ka rufa mana asiri mu biyu. Kun ji fa. Allah nake so in jawo cikin ƙaryata.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Kwana shida da zubarwa sukar ta dawo, ta kuma dawo da ƙarfin da ban san ta da shi ba.

Aka kawo Rifkatu, cikinta ya shiga wata takwas. Na yi murna, amma murnar ɓarawo ce, ido ɗaya a ƙofa. Na daina cin abinci a gabanta. Ruwa sai mai ɗumi, shi ma a ɓoye, ina zaune a ƙasa don in na tafi kada in bugu. Na rage magana, ni da ake ji daga tasha. Na rame har zani ya riƙa zame mini, na ce mata azumi nake yi domin ta sauka lafiya. Sau biyu na faɗi ba ta sani ba, sau ɗaya a bayan gida, sau ɗaya a bakin ruwa ina wanki. A na biyun Kulu ce ta tsince ni.

"Ina maganinki?" ta ce.

"Na warke."

"Wanda yaw warke ba shi kwanciya cikin laka tsakar rana. Saratu, ji tsoron Allah, koma ma maganinki."

Na ce mata ta je ta kula da kifinta kada ya ƙone.

Rifkatu ta sauka lafiya, 'ya mace. Na hura wuta, ruwa ya tafasa a ganga, na tsoma ganyen darbejiya na yi wa 'yata wanka yadda aka yi mini. Tana ihu ina yi mata tsiya, ina cewa da kika je ɗaukowa ba ki yi ihu ba. Na wanke jinjirar, na gasa mata cibi, na goya ta ina share tsakar gida. Kwana huɗu. Ku riƙe lissafin nan, kwana huɗu na samu.

A rana ta biyar da la'asar matan zumunta suka zo barka, su shida. Uwar Ishaya ma tana nan, ta zo shirin suna. Ruwan wankan yamma yana tafasa, ni kuma na dama kunun kanwa na zuba wa mai jego. Uwar Ishaya ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Kanwa ta yi yawa. Ke ba ki ɗanɗana ba?"

Gaskiyarta, ban ɗanɗana ba, kwana huɗu da ido nake auna kanwa. Ina tsaye a gefen murhu, ludayi a hannuna, mata duk suna kallona. In na ce ba zan iya ba, asirina ya tonu. In na je ɗaki in sha a zaune, za a tambayi dalili. Na ce a raina, kurɓi ɗaya ne, Yesu, kurɓi ɗaya. Na kai ludayin baki na haɗiye.

Sauran labarin ba ni aka yi. Na faɗi ta gefen wuta, kafaɗata ta bugi gangar, ta karkace, ruwan ya kwararo a hannuna na hagu da haƙarƙarina. Rifkatu ta yunƙura za ta taso, uwar mijinta ta riƙe ta tana cewa, "Kina shayarwa! Kak ki taɓa ta!" Matan nan shida suka miƙe suna kiran sunan Yesu, kowa daga inda take. Ina kwance cikin tafasasshen ruwa, zanina ya fara cin wuta, suna addu'a.

Kulu ce ta ji ihun. Ba ta zagaya ta ƙofa ba, dangar ta keto. Ta ja ni daga ruwan, ta kashe wutar zanin da hannunta, ta goge mini baki da gyalenta, ta juye mini randa guda ta ruwan sanyi. Farkon abin da na ji da na dawo hayyacina muryarta ce.

"Kunka tsaya kuna kallo? Ba 'yar'uwakku ba ta? Shekara ashirin muna cin tuwo kwano guda da ita, mi na ɗauka?"

Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A ranar na ga iyakar maganar. Wasu cikin shidan nan suna zaune a ɗakin nan yanzu. Ba zan nuna kowa ba. Ga dai hannun, na ɗage mayafi, ku duba. Ba ya miƙewa duka har yau.

Kwana biyu na yi a asibitin garinmu. Da na dawo, ɗakin da na shafe ba kowa a ciki. Tun a yammar da na faɗi aka sa Rifkatu da jinjirar a mota. An yi suna a nan Bagudo, an ci an sha, ba a aiko mini ba. Sunan jikata a bakin wani direba na ji shi, ya leƙo gaishe ni ya ce, "Ashe Alheri aka sa mata." Dattijon kuma ya ce Allah ne ya tona maƙaryaciya. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin, wato wanda ya shirya ƙaryar, bai faɗa ba.

Na kwanta kwana goma ban yi addu'a ba. Fushi nake da Allah, ina faɗa a gabanku. Ran kasuwar Lolo da tsakar rana, unguwa ta watse kowa ya tafi, ina kwance, ƙishirwa kamar ta kashe ni, ga moɗa cike a gefena ina tsoron ta. Sai bakina ya buɗe. Ba addu'ar da aka koya mini ba ce. Na ce, na yi maka ƙarya, na sani, amma kai ma ka san dalili. Ka ɗauke mini 'ya'ya huɗu. Ka ɗauke Dauda. Kwana arba'in na roƙe ka, ka ba ni huɗu ka ƙona mini hannu a kai. Me na yi maka da ya fi na sauran mutane? Burkutun ne? To ai na daina!

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Na riga na yi muku wannan ƙaryar sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Abin da ya zo tambaya ce, ta faɗo mini a zuciya shiru. Wata taran nan da kika sha ruwa lafiya, wa ya ba ki?

Na roƙi warkarwa, an ba ni, na raina ta domin a leda ta zo, ba ta zo yadda za a tafa ba. Na ɗauki kyautar Allah na juye a kogi don in gamsar da mutanen da ba su iya ɗaga ni daga wuta ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Dauda. Na nemi gafara a kan abu biyu, ƙaryar da na yi da sunansa, da kyautarsa da na wulaƙanta. Ya kuwa gafarta mini, na san haka domin nauyin ya sauka. Da yamma ta yi na ji motsin Kulu ta dawo daga kasuwa, na kira ta ta ɓarakar dangar na ce gobe za ta raka ni Sakkwato?

Ta ce, "Tun yaushe nika jiran ki tambaya."

Likitan ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce, "Inna, wa ya ce ki daina?" Na ce ni ce. Bai ƙara tambaya ba. Ya sake fara mini daga kaɗan, ya kuma rubuta takarda cewa ba farfaɗiya gare ni ba. Ya ce in gaya wa mutanena, ko da farfaɗiyar ce, ba a ɗaukarta a yawu, ba a ɗaukarta a kofi. Na kai wa dattawa takardar. An karanta, an gode, an sa a aljihun tebur. Jan zaren nan sai da ya ƙara shekara biyu a kofina.

Amma ku ji abin da Ubangiji ya yi. Shekara bakwai yau ban faɗi ba! Ina shan ƙwayata safe da yamma, ina zuwa a duba jinina in lokaci ya yi. Wani sa'in in sanyi ya shigo nakan ji ciwon ya ɗan motsa, in je likita ya gyara mini awo, ya kwanta. Ina ci, ina sha, ina waƙa, ko ba a sa ni a sahu ba ina yi daga inda nake. Haleluya!

Haihuwar Rifkatu ta biyu uwar mijinta ce ta yi wankan, ban ko tambaya ba. Bana, da damina, ina suya a tasha sai ga 'yata ta sauko daga mota da ciki wata takwas, jaka a kai.

"Ishaya ya sani?" na ce.

"Shi ya sa ni mota. Mama, gangar tana nan?"

Tana nan. Na yi wa 'yata wanka kwana arba'in cif, safe da yamma, ba fashi. Kullum a gabanta nake haɗiye ƙwayata kafin in hura wuta. Na ɗanɗana kunu da ludayi ina tsaye, na goyi jikana namiji, ba abin da ya same shi, ba abin da ya same ni. Abin da na yi ƙarya don in samu na rasa, shi Allah ya kawo mini har tasha ban roƙi kowa ba. Na gode masa, na gode masa.

Sai dai ba ta fari ba ce. Ta fari ta wuce.

Ranar arba'in Ishaya ya zo ɗaukar matarsa, da uwarsa da yaran. Ranar ce Alheri ta fara taka gidana tun tana 'yar kwana biyar. Nakan hango ta in na zo sujada nan, amma kullum akwai mai riƙe da hannunta. Ta girma, goshin Dauda sak. Na tashi tun da safe na soya mata ƙosai na musamman, na sa albasa da yawa. Na durƙusa a gabanta na miƙa mata guda.

Ta mai da hannuwanta baya. Ta ce, "Kaka ta ce kada in ci abin hannunki. Wai in na ci zan riƙa faɗuwa."

Uwar Ishaya ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Wancan tun dauri na, Alheri. Karɓi, kakakki ta." Yarinyar ta dube ta, ta dube ni. Rifkatu ta karɓi ƙosan daga hannuna ta ci a gabanta, hawaye na zuba. Ishaya ma ya ɗauka ya ci. Alheri ta kalle su duka, hannunta yana baya. Ba rashin kunya ba ne, biyayya ce. An koya mata tun tana koyon magana, ta kuma riƙe. Har suka shiga mota ba ta ci ba.

Wannan ce shaidata. Ina gode wa Yesu da ya fisshe ni daga giya, ya fisshe ni daga ciwo, ya fisshe ni daga ƙaryar da na ɗaure kaina da ita. Ku dogara gare shi, ba ya yasar da nasa. In ya aiko muku da taimako ta hannun likita, ku karɓa da hannu biyu, kada ku bar bakin kowa ya raba ku da shi. In wata ta faɗi a gabanku, ku ɗaga ta tukuna, addu'ar ba za ta gudu ba.

Kuna so ku ji ko na yafe. Ina kan hanya, ban isa ba, Ubangiji yana ja na. Ku kuma in za ku yi mini addu'a, kada ku roƙa mini a raba ni da magani. Ku roƙa mini abu ɗaya, kafin in kwanta dama jikata ta ci abin hannuna. Cikin sunan Yesu, amin.